Ƙwari dangin buzuzu a lambun gida: yadda ake gane su da yadda ake maganinsu

Tambaya: "Ina da ɗan lambu a bayan gida, na shuka kuɓewa da yalo da kabeji da kokwamba da kabewa da wake. Ganyen duk ya huhhuje. Ina ganin wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari masu tsalle, da wasu jajaye a kan kabewa, da wani kewayayye mai ɗigo-ɗigo da aka ce mini kada in kashe shi, wai mai amfani ne. Na yi feshi sau biyu, bayan 'yan kwanaki suka dawo. Waɗanne irin ƙwari ne, kuma me zan yi?"

Amsa: Malama, sannu da aiki. Kafin komai ina roƙonki ki jingine abin feshin nan na 'yan kwanaki. Daga bayaninki, aƙalla ƙwari iri uku ne a lambun, kowanne da inda yake zuba ƙwai da lokacin da yake da rauni, kuma feshin da aka yi ba a san wanda ake fesa wa ba, na sarari kawai yake kashewa. Waɗanda kika ga sun dawo ba su ne kika fesa wa ba. Ko dai sababbi ne da suka fito daga cikin ƙasa inda magani bai kai ba, ko baƙi ne da suka taso daga ciyawar gefen lambu. Abin da ya fi damuna shi ne, wataƙila feshin nan biyu ya tafi da ƙwarin da suke taya ki aiki ba ki sani ba.

Duka ukun da kika ambata dangi ɗaya ne, dangin buzuzu, waɗanda masana ke kira Coleoptera. Babu dangin da ya kai su yawa a cikin ƙwari, don an riga an san kusan iri 400,000, kuma kaɗan ne daga cikinsu suke ɓarna a lambu. Gane su ba wuya. Fukafukansu na sama sun zama sulke mai tauri, sun haɗu a tsakiyar baya da miƙaƙƙen layi, siraran fukafukan tashi kuma suna naɗe a ƙarƙashi. Bakinsu na tauna ne, saboda haka ɓarnarsu huji ce ko gatsa ko kankara. In kika ga ganye ya nannaɗe, ya yi ɗorawa, yana danƙo amma babu huji, wannan aikin masu tsotso ne irin su darɓa, maganarsu daban. In kuma hujin babba ne, ga kashi baƙi ƙulu-ƙulu a kan ganye, ki nemi tsutsar malam-buɗe-littafi. Rayuwar dangin buzuzu mataki huɗu ce: ƙwai, tsutsa, sai kwanciya wadda yawanci a cikin ƙasa ake yin ta, sannan babba mai sulke. Tsutsar ba ta kama da uwarta ko kaɗan, shi ya sa mai lambu yakan ɗauka abokan gaba biyu yake yaƙi da su alhali abu ɗaya ne.

Ki shiga lambun da sassafe kafin rana ta yi zafi, lokacin jikinsu bai saki ba. Ki riƙa juya ganye kina duba bayansa, domin a can ƙwai da tsutsa suke. Ki shimfiɗa farin ƙyalle ko faranti a gindin shuka ki girgiza ta, ki ga abin da ya faɗo. Ki sake zagayawa bayan magariba da tocila, don akwai masu cin dare da ba za ki taɓa gani da rana ba. Shukar da ta yi yaushi alhali ƙasa na da laima, ki tona gindinta. Wanda kika kama, ki ɗauki hotonsa da waya kusa da wani abu da aka san girmansa, kamar kan ashana.

Baƙaƙen nan masu tsalle su ake ce wa masu tsallen ƙuma. Tsawonsu milimita 2 zuwa 3 ne, cinyoyinsu na baya masu kauri, da kin kai hannu sai su ɓace. Hujinsu ƙanana ne rututu, kamar an tsattsaga ganyen da allura, kuma da kin ga hujin kin san mai shi. Ba iri ɗaya ba ne a kan kowace shuka: na kabeji da danginsa Phyllotreta ne, na yalo da dankalin turawa galibi Epitrix, na kuɓewa kuma Podagrica, wanda yakan zo ruwan ƙasa ko baƙi mai sheƙi. Wannan na kuɓewar ya fi sauran haɗari domin yana ɗaukar bairas, wato ƙwayar cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare daga wata shuka zuwa wata. Suna zuba ƙwai a ƙasa kusa da gindi, tsutsar ta ci ƙananan saiwoyi, ta kwanta, ta fito babba. Wannan shi ne dalilin da feshinki bai yi ƙarko ba.

A kansu abu ɗaya nake so ki riƙe: shekarun shuka su ne ma'auni. Tsiron da yake da ganye biyu ko huɗu, masu tsallen ƙuma za su iya gama da shi cikin kwana biyu ko uku, musamman in ana zafi kuma ƙasa ta bushe. Amma yalon da ya kai gwiwa, ko da ganyensa na ƙasa ya zama rariya, zai yi 'ya'ya. Don haka duk ƙarfinki ki zuba shi a makonni uku zuwa huɗu na farko. Ki reni iri a wuri mai rufi, ki dasa shi da ƙarfinsa, ki ba shi ruwa a kan kari don ya yi saurin wuce lokacin haɗari. Wasu sukan shuka jeren mustad ko radish, dangin kabeji, a gefen kabeji tun da wuri, ƙwarin su taru a can, sai a yi maganinsu wuri ɗaya. Dabara ce mai kyau, amma sai in za a kula da jeren. In aka bar shi, an buɗe musu gidan haihuwa ne.

Jajayen da ke kan kabewa kuma, in dogaye ne kaɗan, kamar milimita 6 zuwa 8, launin lemo ko ja, masu saurin tashi in an taɓa su, to Aulacophora ne, ƙwaron kabewa da ake samu a Afirka da Asiya da kudancin Turai. Yana da wata ɗabi'a da ke tona asirinsa: yakan fara zana da'ira a kan ganye da bakinsa, sannan ya ci abin da ke cikin da'irar. In kin ga kewayayyun huji masu tsabtar baki a ganyen kabewa ko kokwamba ko kankana, shi ne. Tsutsarsa tana ƙasa tana cin saiwa, wani lokaci ta huda ɗan da ya kwanta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. A nahiyar Amurka ta Arewa 'yan'uwansa ne ke wannan aiki, ɗaya rawaya mai zane baƙi uku, ɗaya mai ɗigo 12, kuma su suna yaɗa wata bakteriya mai suna Erwinia tracheiphila da ke toshe jijiyoyin ruwa na kokwamba, shuka ta yi yaushi ta mutu cikin kwanaki. Ana gwada ta da yanka kara, a haɗa bakin yankan biyu, a raba a hankali. In wani zare mai yauƙi ya biyo, ita ce. Shukar da ta kamu ba ta warkewa, sai a tuge ta a fitar da ita daga lambun.

Yanzu sai mai ɗigo-ɗigon, kuma a nan nake so mu daɗe, don nan ne na fi ganin mutane suna yin kuskure ta fuska biyu. Wanda ya ce miki mai amfani ne bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba. Yawancin waɗannan kewayayyun ƙwari masu kama da rabin ƙwallo mafarauta ne. Babba ɗaya yana iya cinye darɓa wajen 50 a rana, tsutsarsa kuma ta cinye ɗaruruwa kafin ta kwanta. Amma kama da wane ba ta wane: a cikin gidan akwai reshe guda, Epilachna da 'yan'uwansa, waɗanda ganye suke ci. Akwai mai ɗigo 12 da ke addabar kankana da kabewa a Afirka, da mai ɗigo 28 da ke cin yalo da dankalin turawa a Asiya, da mai ɗigo 16 da ke cin wake a Amurka da Meziko.

Kada ki dogara da ƙirga ɗigo, don yana rikitarwa. Ki dubi sheƙi. Mafaraucin yawanci sumul yake yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Mai cin ganyen dusu-dusu ne, launin tagulla ko jan ƙasa, don jikinsa na lulluɓe da wani laushin gashi da ido bai cika gani ba. Tsutsarsu ta fi bayyana bambancin. Ta mafarauci doguwa ce, baƙa ko toka-toka da ɗigon lemo, kamar ɗan ƙaramin kada, tana yawo da sauri. Ta mai cin ganye rawaya ce, gajera, jikinta duk ƙayoyi masu rassa, tana zaune wuri ɗaya tana kankara. Sai kuma shaidar da ba ta ƙarya, wato ganyen kansa. Mai cin ganye yana kankare naman ganye daga baya a jere-jere, ya bar jijiyoyi da wata siririyar fata kamar tagar gilashi, daga baya wurin ya bushe ya yi ruwan ƙasa. In ga ƙwaron, ga darɓa, ganye kuma lafiya lau, ki bar shi ya yi aikinsa. In ga shi, ga kankara, babu darɓa ko ɗaya, ki kama shi.

Ƙwansu ne ke da wuyar rabewa, domin dukansu rawaya ne, a tsaye, a dunƙule a bayan ganye. Mafarauciya takan ajiye nata kusa da taron darɓa don 'ya'yanta su tashi su tarar da abinci. In kin yi shakka, ki ɗaura zare a ganyen ki riƙa leƙawa kullum. Cikin mako guda za su ƙyanƙyashe, ranar da suka fito kuwa ba sauran ruɗani. Ina ganin wannan ɗan haƙurin ya fi murtsuke duk ƙwan da aka gani, domin tsutsar mafarauci guda ashirin da aka bari sun fi feshi guda amfani a kan darɓa.

Akwai wani da ba ki ambata ba amma ya kamata mai yalo ya san labarinsa, ko da babu shi a inda yake, saboda darasin da ya koya wa manoma. Shi ne ƙwaron dankali na Kolorado, mai tsawon santimita guda, rawaya da zane baƙi goma a baya. Da can ciyawar daji yake ci. A 1859 aka fara ganin ya koma kan dankalin turawa a jihar Nebraska ta ƙasar Amurka, zuwa 1874 ya kai gaɓar tekun Atilantika, a 1922 ya kafu a Faransa, daga nan ya bazu Turai da sassan Asiya. Tun a 1952 aka ga maganin ƙwari na DDT ya daina kashe shi a wasu wurare, kuma daga lokacin zuwa yau ya jure wa magunguna fiye da 50. Yadda abin ke faruwa mai sauƙin fahimta ne. Duk feshi yakan bar 'yan tsiraru masu taurin rai, su ne za su haihu, kuma macensa ɗaya tana zuba ɗaruruwan ƙwai. In aka maimaita magani ɗaya shekara da shekaru, mai feshi da kansa ne ya tace musu jarumai. A ƙaramin lambu kuwa, murtsuke ƙwansa masu launin lemo da tsince jajayen tsutsotsinsa tun suna ƙanana ya wadatar, don tsutsar sai ta girma take yin mafi yawan ɓarnarta.

Idan kuɓewa da wake suka fara fure, ki sa ido a kan hangara. Doguwa ce, takan kai santimita 2 zuwa 3, baƙa da ratsin ja ko rawaya, wuyanta siriri, sulkenta bai kai na sauran tauri ba. Fure take ci, kuma furen da aka cinye ba ya zama ɗa. Kada ki kama ta da hannu tsirara. Jikinta na fitar da wani ruwa mai guba, kantaridin, da ke tayar da bororo a fata kamar ƙuna. Ki sa safar hannu ko ki kaɗa ta cikin bokiti da tsinke. Gubar ba ta gushewa bayan ta mutu, don haka a binne gawar, kada a watsa wa kaji ko a bari ta shiga harawar dabbobi. Duk da haka ba na son a ƙi ta gaba ɗaya, don tsutsar irinta da yawa ƙwan fara take ci a cikin ƙasa. In guda biyu ko uku ne, ba abin tayar da hankali ba ne.

Sauran suna ƙarƙashin ƙasa. Gwazarma, farar tsutsa mai kauri da jan kai da ƙafa shida, wadda ke lanƙwashe kamar lauje, 'yar wasu manyan buzuzu ce. Ba kowacce ce mai laifi ba. Wadda ake samu cikin tarin taki ruɓaɓɓen abu take ci, kuma akwai irin da in kin ajiye ta a fili sai ta yi tafiya da bayanta. Wannan ba ruwanta da saiwa. Wadda kika tono a gindin shukar da ta yi yaushi, saiwa a gutsure, ita ce abokiyar gaba. Sai wata siririya mai tauri kamar waya, launin zuma, wadda ke huda karas da dankali da irin da aka binne. Tana iya yin shekara 2 zuwa 5 a ƙasa kafin ta zama babba, kuma ta fi yawa a wurin da ciyawa ta daɗe kafin a mayar da shi lambu. Ana kama ta da yankin dankali: a soke shi da tsinke, a binne zurfin santimita 5 zuwa 10, a ciro bayan kwana biyu ko uku. Mai dankalin zaƙi kuma, nasa ƙwaron mai kama da tururuwa, Cylas, ta tsagewar ƙasa yake bi ya kai ga dankalin ya zuba ƙwai, wanda ya huda kuwa ɗaci yake yi. Maganinsa tara ƙasa a gindi, toshe tsaga, dasa kan yaɗo mai tsabta, da haƙa a kan lokaci.

A ƙasan nan kuma za ki haɗu da wasu baƙaƙe masu dogayen ƙafafu da gudu, suna ɓuya ƙarƙashin dutse ko ciyawar rufi da rana. Mafarautan dare ne, suna cin tsutsa da ƙwai da dodon koɗi. Ki bar musu mafaka.

To, me za a yi? A lambun bayan gida, abin da ya fi komai aiki shi ne bokiti da ruwan sabulu, kuma na san mutane ba sa son jin haka don yana kama da abin da bai kai magani ba. Yawancin dangin buzuzu in an taɓa su sukan saki jiki su faɗo kamar matattu. Da sanyin safiya sai ki tara bokitin a ƙarƙashin ganye ki buga reshen, su zubo ciki. Sabulun yana hana su yin iyo su fita. Minti goma kullum na mako biyu, haɗe da murtsuke ƙwai da tsutsar masu cin ganye, yana karya zuriya guda cur. Sirrin yana cikin maimaitawa ne, don ƙwan da kika tsallake yau zai ƙyanƙyashe kafin mako ya zagayo. Masu tsallen ƙuma ne kaɗai wannan bai cika kamawa ba. Su sai a shafa wa kwali ko allo wani abu mai danƙo, a riƙa wucewa da shi saman shukar ana kaɗa ganye, su yi tsalle su manne.

Na biyu shi ne rufi. Raga mai ƙananan idanu, wadda hujinta bai wuce milimita 0.8 ba, in aka ɗora ta a kan ƙarafa ko sanduna aka binne bakinta da ƙasa tun ranar shuka, ta raba tsiro da duk mai tashi da mai tsalle. Kada a yi amfani da gidan sauro mai magani, domin maganin da ke jikinsa ba don kayan ci aka yi shi ba, idanunsa ma sun yi wa masu tsallen ƙuma faɗi. Sharuɗɗa biyu ne. Kokwamba da kabewa da kankana sai ƙudan zuma sun kai musu garin fure, don haka da fure ya buɗe a yaye rufin. Lokacin sun riga sun yi ƙarfi. Sannan kada a rufe wurin da aka yi irin wannan shukar a zagayen da ya wuce, in ba haka ba waɗanda ke kwance a ƙasa za su fito su tarar an kulle su da abinci. Wannan ya kawo mu ga sauya wuri. Yalo da tumatir da barkono da dankalin turawa gida ɗaya ne, kabewa da kokwamba da kankana gida ɗaya, kabeji da radish gida ɗaya. Sauya yalo da tumatir ba sauyi ba ne. A ƙaramin fili sauyin ba zai hana masu fukafuki zuwa ba, gaskiya ce, amma yana jinkirta su, kuma jinkirin mako guda a lokacin tsiro ba ƙaramin abu ba ne.

In abin ya fi ƙarfin hannu, ki fara da dogon yaro. A samu 'ya'yansa nunannu, a shanya a inuwa, a fasa a ciro ƙwayar, a zubar da duk wadda ta yi fumfuna. A daka giram 50 a kowace lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗiga ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma a ranar, sama da bayan ganye. Sinadarin da ke cikinsa, azadiraktin, ba ya kashewa nan take. Yana hana ƙwaro ci, yana kuma hana tsutsa saɓa, saboda haka ya fi tasiri a kan tsutsa fiye da babba. Rana tana lalata shi cikin 'yan kwanaki, sai a maimaita bayan kwana 5 zuwa 7. Wanda ya fesa yau ya fito gobe neman gawarwaki zai ce bai yi ba. Abin dubawa shi ne ko sabon ganye yana fitowa babu huji. Barbaɗa toka mai laushi a kan ganye mai raɓa, ko fesa farar ƙasa irin kawolin da aka dama da ruwa, yana rage wa masu tsallen ƙuma da ƙwaron kabewa sha'awar ganyen, amma ruwan sama ɗaya ya wanke shi, kuma toka in ta yi yawa tana ƙona tsiro. Feshin ruwan sabulu zalla na darɓa ne, ba ya ratsa sulke. Ruwan taba kuwa ban yarda da shi ba sam: nikotin guba ce ga mutum, kuma taba na iya ɗauko bairas ta kai wa tumatir da barkono.

Maganin saye shi ne na ƙarshe, kuma a nan ki karanta sunan sinadarin da ke jikin kwalba, ba sunan kasuwa ba. Bt magani ne da ake yi daga wata bakteriya, kuma wanda aka fi sayarwa, nau'in kurstaki, na tsutsar malam-buɗe-littafi ne, ba ya taɓa dangin buzuzu. Nau'in tenebrionis shi ke kashe ƙananan tsutsotsin ƙwaron Kolorado. Spinosad yana aiki a kan masu cin ganye da dama, ciki har da masu tsallen ƙuma, amma yana kashe ƙudan zuma muddin bai bushe ba. Su lambda-cyhalothrin da cypermethrin da deltamethrin suna zubar da ƙwari nan take, sai dai ba sa tambaya, mai laifi da mafarauci duk ɗaya ne a wurinsu, shi ya sa bayan su sau da yawa darɓa da jan gizo-gizon ganye ke ɓarkewa fiye da da. Ukun nan kuma gida ɗaya ne, rukuni na 3A a rabon magunguna bisa yadda suke kashe ƙwari, don haka barin ɗaya a koma ɗaya bai canja komai ba ga ƙwaron da ya saba. Kwalabe da yawa suna ɗauke da wannan lambar rukuni. Spinosad na 5 ne, imidacloprid na 4A. Shi imidacloprid yana shiga jikin shuka har cikin fure, kuma saboda ƙudan zuma ne Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a gonaki da lambunan da ba su da rufi a 2018. A lambun da kabewa ke fure, ba na ba da shawararsa.

In za ki fesa, ki fesa wa shukar da abin ya shafa kaɗai, da yamma bayan ƙudan zuma sun koma, ba a kan buɗaɗɗen fure ba, ba cikin iska ba, da safar hannu da rufin hanci da riga mai dogon hannu. Ki auna daidai yadda aka rubuta. Ƙara yawa ba ya ƙara kisa, saura kawai yake bari a kan abin da za a ci. Ki nemi adadin kwanakin da aka ce a jira tsakanin feshi da tsinka, kuma wannan ya fi shafar kuɓewa da kokwamba da ake tsinka kusan kullum: in kwalbar ta ce kwana 7, maganin bai dace da kuɓewar da ke haihuwa ba. Maganin sauro na ɗaki da na kyankyaso da na rumbu kada su kusanci kayan lambu, haka duk abin da aka ɗura a kwalbar da ba ta da rubutu.

Kada kuma huji ya firgita ki fiye da kima. Shukar da ta kafu tana da ganye fiye da buƙatarta. Dankalin turawa yana jure asarar kashi 30 cikin 100 na ganyensa kafin fure ba tare da amfanin ya ragu ba, ko da yake lokacin da yake zuba 'ya'ya juriyar takan sauka zuwa wajen kashi 10. Ido yakan zuzuta ɓarna. Ganyen da kike gani kamar rabinsa ya tafi, in aka auna sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Kabeji da latas da alayyahu ne ba su da wannan rangwamen, tunda ganyen shi ne amfanin, saboda haka su suka fi cancantar raga.

Da zarar wata shuka ta gama haihuwa, ki tuge ta a ranar, kada a bar yaɗon kabewa da karan kuɓewa suna ciyar da zuriya ta gaba. Ki kaftu wurin sama-sama don masu kwanciya su fito rana da tsuntsaye su same su. In kina da kaji, ki sake su a nan kwana biyu kafin sabuwar shuka, muddin ba a yi feshi kwanan nan ba. Ki nome ciyawar da ke dangi da amfaninki a gefen shinge, amma ki bar ɗan wuri mai furanni don mafarauta. Waken da za ki ajiye na iri kuma, ki sani ƙwaronsa tun daga lambu yake zuba ƙwai a jikin kwanso. Ki bushe shi sosai, ki zuba a kwalba mai murfin da iska ba ta shiga, ki sa a firiza na mako guda, sannan in kin fito da ita ki bar ta ta huce kafin ki buɗe don kada laima ta kama irin.